Abin Ɗaure Akwati

"Ba haka ba, Malam. Zura, ka naɗo, ka jawo. Kai sai sukarsa kake yi kamar ya zage ka."

Malam Isyaku ya sake zura kwarashin a idon saƙar, ya naɗo ulun, ya jawo. Idon ya suɓuce, ya ja na kusa da shi, wannan ma ya ja na gaba. Ya tsaya yana kallon ɓarnar. Shekara talatin ke nan yana aikin riga a Mandawari. Aska biyu da aska takwas duk sun bi ta hannunsa, har daga Katsina ake aiko masa da saƙi ya yi wa ado. Amma ga shi yau da hantsi a ɗakin matarsa, a kan 'yar kujerar tsakar gida, gwiwoyinsa sun kusa taɓa gemunsa, wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasasshen baki yana raina masa hankali.

"Ƙarfen ne ba shi da kyau," in ji shi.

"A haka ya yi kamu tara, da rashin kyan nasa," in ji Turai.

Tana zaune a bakin gado, ta ɗaga hannun dama sama kamar mai shirin rantsuwa a gaban alƙali. Ɗan karkare ne ya kama mata yatsa, ya kumbura, aka huda lemun tsami aka zura yatsan a ciki. Duk sanda zugin ya motsa sai ta runtse ido, ta buɗe, ta ci gaba da lura da hannun mijinta.

Abin da ake saƙawa yana tsakaninsu. Ya sauko daga cinyar Malam, ya bi tabarma, ya naɗe a gindin gado kamar mesa ta ƙoshi. Mayafin wuya ne na ulu. Na ɗansu ne Salihu, wanda jirgin ƙasa zai ɗauka yau bayan la'asar zuwa Ikko, daga can jirgin ruwa ya wuce da shi Ingila. Sai dai a gidan nan babu wanda ya taɓa faɗin na wane ne, kuma babu mai niyyar faɗa.

Salihu ɗan fari ne, ɗan fari kuwa iyayensa kunyarsa suke ji. Ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa bari a ga sun damu da shi. Ranar da aka yaye shi, 'Yardada yayar Malam ta zo ta goya shi zuwa gidanta a Gwammaja, can ya girma, can ya yi allo, daga can ya shiga boko. A bakin Malam sunansa "na Gwammaja". A bakin Turai ko wannan ya yi nauyi, sai ta ce "mutanen Gwammaja", kamar su goma ne. Akwai wani mahauci a bakin layi mai suna Salihu, shi ma bai tsira ba, a gidan nan "mai naman nan" ake ce masa. Duk abin da ya tashi daga Mandawari zuwa wurin yaron, ko rigar salla ce ko faɗa, ta hannun 'Yardada yake bi. Yanzu yaron ya zama malamin makarantar Midil, hukumar En'e ta Sarki ta zaɓe shi ya tafi kwas na shekara biyu.

Tun kafin ruwan fari ya sauka aka ji labarin tafiyar. Lokacin akwai wata Malama Lauratu da ke bin gidajen kulle tana koya wa mata saƙa. Ita ta ba da labari a tsakar gidan nan cewa sanyin Ingila ta wuya yake shiga, wanda bai naɗe wuyansa da ulu ba tari ne ke kayar da shi. Turai tana nan tana saurare. Washegari ta nemi a koya mata. Malamar ta nuna mata yadda ake farawa da yadda ake ci gaba, sai aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Gusau, ta bi shi, ba ta kai ga faɗin inda ake tsayawa ba.

Sai Turai ta tambayi wanda ta saba tambaya. Wata rana tana ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, abin da ake naɗawa, kamu nawa ake yin sa?"

Malam Isyaku bai taɓa ganin mayafin wuya ba. Amma tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa ce mata bai sani ba, kuma bai ga dalilin farawa a ranar nan ba. Abin naɗawa ɗaya ya sani a duniya, shi ne rawani.

"Goma sha biyu," ya ce. "Ƙasa da haka abin kunya ne."

Shi ya riƙa zuwa Kantin Kwari yana sayo ulun. Ja ya ƙare a kanti ya sayo kore, kore ya ƙare ya sayo ruwan ƙasa, daga baya shuɗi. Yakan ajiye ƙunshin a kan turmi ya wuce, kamar wani ne ya manta da shi. In matan maƙwabta suka tambaye ta wa take yi wa, sai ta ce hannu take motsawa kawai. Damina ta yi nisa, saƙa ta kai kamu tara, sai yatsa ya ƙi.

Yau da ya dawo daga masallaci ya leƙa ɗakin, ya tarar ta riƙe kwarashi da hagu, ta danne ulu da haƙori, hawaye na bin kumatunta. Ta ce hayaƙi ne. Ba a ko hura wuta ba tukuna. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Ya san tun ranar da aka goya yaron aka fita da shi, babu wani abu da ya fito daga hannun matar nan ya taɓa jikinsa, sai wannan, in ya kammalu.

"Kawo ƙarfen nan in gani," ya ce. "Don sani kawai."

To, ga inda sanin ya kawo shi.

Da rana ta ɗan ɗaga, hannun ya fara kamawa. Zura, naɗo, jawo. Amma hannun mai aikin riga ne, wanda ya saba jan zare har sai ya kwanta ya yi shiru. Turai tana saƙa ulu kamar tana lallashinsa, nata sashen laushi gare shi, in ka matsa ya dawo. Na Malam ya fito a tsuke, a ƙanƙance, da tauri kamar linzami.

"Sassauta, Malam. Ba a shaƙe shi."

"Aikin da bai kama jikinsa ba, ba aiki ba ne."

"Wuya za a naɗa wa, ba jaki za a ɗaure ba."

Ya ga in ya ci gaba da zama a nan, girman da ya tara a gidan zai ƙare kafin ulun ya ƙare. Ya tattara saƙar ya rungume, ya ce haske bai ishe shi ba. Bai fita zaure ba, inda ya saba zama da allura mutane na wucewa suna gaishe shi. Ya tura ƙyauren zauren, ya zauna a shigifa, inda daga waje ba a gani. Namiji ya yi wa riga ado da allura, wannan sana'a ce ta gado. Namiji ya riƙe kwarashi kuwa, wannan labari ne, kuma a Mandawari labari ba ya kwana a gida ɗaya.

Ya kusa cika kamu guda, wuyansa ya sage, sai ya ji an tura ƙyaure.

"Salamu alaikum! Sarkin allura, yau fada a rufe take?"

Ashafa ne, abokinsa tun suna yara, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama ya dawo da ɗingishi da labarai. Shi ba ya jiran a amsa masa sallama. Malam ya yi sauri ya cusa saƙar a ƙarƙashin rigarsa. Amma kamu tara da wani abu ba sa ɓuya a riga ɗaya. Jan bakin ya miƙe har bakin ƙofa, a kansa Ashafa ya ɗora ƙafa.

Ashafa ya dubi ƙasa, ya bi abin da ido har inda ya shige.

"Malam Isyaku, wutsiya ka yi?"

"Aikin cikin gida ne. Dubawa nake yi."

"Da ƙarfen a hannu kake dubawa."

Ya zauna a dakali ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya sake komawa dariya. Malam ya jira ya gama.

"Ashafa, in maganar nan ta fita ƙofar nan..."

"Ta fita ta je ina? Daga ni sai kai sai 'yan sahun gaba a masallaci." Ya share ido da hannun riga. "Kawo in gani. Kai, wannan na waye? Raƙumi za a yi wa ado?"

"Na wuya ne. Na ƙasar sanyi."

Dariyar Ashafa ta ragu. "Na Salihu?"

Malam ya ɗaga kai yana duban azara, kamar yau ya fara ganin ta. "Na mutanen Gwammaja. Goma sha biyu ake so. Saura biyu da kaɗan, ga rana tana gudu. In ba taimako ka zo yi ba, ƙofa tana inda ka bar ta."

Ashafa ya jawo saƙar yana aunawa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, yana ƙirgawa a hankali. Da ya gama ya ajiye ta a cinya.

"Malam Isyaku, ni da hannuna na wanke irin wannan. Manjon da na yi wa hidima yana da shi, a jirgin ruwa kullum yana wuyansa. Kamu uku ne. In an yi almubazzaranci, huɗu. Zagaye ɗaya ake yi, a saki bakin biyu a ƙirji, shi ke nan. Wane marar tausayi ne ya ce muku goma sha biyu?"

A waje wata mai fura ta wuce tana talla.

"Wani ne," in ji Malam. "Ba ka san shi ba."

"Ko wane ne, rawani ya gani."

"Haka nake zato."

"A kai shi gaban alƙali."

"Ya bar gari," in ji Malam.

Da Ashafa ya fita, bayan ya yi alƙawarin riƙe bakinsa, alƙawarin da su biyun suka san iyakarsa, Malam ya zauna da abin a hannu. Kamu uku. Ke nan tun kafin gero ya kai gwiwa matar nan ta gama aikinta, sauran duk nasa ne: zaman da ta yi har idonta na ruwa, da yatsan da ke cikin lemun tsami. Ya duba ko akwai wata hanyar shiga cikin gida wadda ba ta bi ta gaban Turai ba. Babu. Shi ya gina gidan.

Ya same ta inda ya bar ta. Ya yi gyaran murya.

"Labari ya zo mini yanzu. Ashe Turawa sun rage tsawon abin nan. Wanda muke da shi ya isa."

Turai ta dube shi. "Yaushe suka rage?"

"Kwanan nan."

"Zuwa nawa?"

"Sun dai rage sosai."

Ta ci gaba da dubansa, irin duban da mace ke yi wa mijin da ta sani tun gemunsa bai fito ba. Ta dubi yatsanta. Ta sake dubansa. Malam ya shirya wa abin da zai biyo baya, amma sai ta ce, "To. Allah ya sa kada su ƙara kafin la'asar. A rufe bakin."

Rufe bakin saƙa shi ne abin da Malama Lauratu ta tafi da shi Gusau. Nan kuwa Malam ya samu abin da ya iya. Ya ciro allurarsa daga jikin hula, ya yanke ulun, ya zura, ya bi idanun ƙarshe ɗaya bayan ɗaya ya kulle su. Hannunsa ya dawo nasa. Kafin ya ankara ya rufe da ɗan ƙullin nan mai kama da idon zakara, wanda yake rufe wuyan kowace riga da shi, wanda duk mai sa riga a unguwar ya san na Malam Isyaku ne.

Suka shimfiɗa abin a kan gado. Ja, kore, ruwan ƙasa, shuɗi, duk da faɗinsu da laushinsu, sai can ƙarshe ya tsuke ya sandare kamar an taka wutsiyar ƙadangare.

"In warware nawa?" in ji shi. "Tunda naki ya isa."

Turai ta shafa wurin da hannun hagu. Ta ja shi, bai miƙe ba.

"Bar shi. Ko ba komai iska ba za ta ratsa nan ba."

Bayan azahar 'Yardada ta iso da Salihu yin ban kwana. Tsohuwa ce mai ƙiba da murya, tun daga zaure ake jin ta. Ita kaɗai ce a dangi take kiran sunan yaron yadda ta ga dama, kuma yau ta ƙudura sai ta kira shi na shekara biyu.

"Salihu, cire takalmi. Salihu, sunkuya, ƙofar gidan ubanka ba ta san ka yi tsawo ba. Isyaku! Ina kake? Ga shi na kawo muku, ku gan shi da kyau, kada gobe a ce na ɓoye shi."

Malam ya zauna a kan buzu a tsakar gida. Salihu ya durƙusa nesa kaɗan, dogo, siriri, sanye da farar riga mai aikin tsamiya wadda ta je Gwammaja da sallar bara ba tare da an ce daga ina ba. Ya gaida uban, idonsa a ƙasa. Uban ya amsa, idonsa a kan tulun ruwa.

"To," in ji Malam, yana yi wa tulun magana. "A riƙe salla. A kula da abin da ake ci. Abin da aka je yi, a yi shi a dawo."

"In sha Allahu, Baba."

"Shi ke nan."

Salihu ya matsa bakin ƙofar ɗakin uwarsa, ya durƙusa a gaban labule. "Ina wuni. Zan tafi."

Labulen bai motsa ba. Can daga ciki murya ta fito. "Yaya, a ce Allah ya kiyaye hanya."

"Ya ji ai, ba kurma ba ne," in ji 'Yardada. "Amin."

Da suka miƙe, hannun hagu ya fito ta gefen labule da ƙunshi a cikin tsohon zane. "Yaya, ga wannan. Wani tsumma ne. Ko za a ɗaure akwati da shi."

'Yardada ta karɓa, ta ɗaga bakin zanen ta leƙa. Ta dubi labule, ta dubi ƙanenta. Malam yana nan yana nazarin tulu.

"Akwati," ta ce.

"Akwatunan yanzu ba su da ƙwari," in ji Malam.

"Haka ne. Salihu, mu je."

Uba ba ya raka ɗan fari tasha. Saboda haka Malam Isyaku bai raka kowa ba. Abin da ya faru shi ne, da aka yi la'asar ya tuna yana da wani mai riga a Fagge da ya kamata ya gani, kuma hanyar Fagge, in mutum ya fita ta Ƙofar Mata ya ɗan karkata, tana iya bi ta tashar jirgi. Ashafa ya ce shi ma yana da wani a Fagge.

Tasha ta cika. Ruwa ya yi kwana biyu bai sauka ba, hadari ya taru ya ƙi zuba, zafi ya danne gari, kowa riga ta manne masa a baya. 'Yan dako na ture mutane, masu rake da masu dafaffen ƙwai na bin tagogi. Malam ya tsaya a bayan wani tarin buhunan gyaɗa, inda mai neman wani a Fagge zai iya tsayawa. Daga nan ya hango Salihu cikin abokan aikinsa malamai, suna ta musabaha. Ya hango 'Yardada a zaune a kan ƙullin kaya tana fifita da bakin mayafi. Sannan ya hango akwatin.

Baƙin akwatin ƙarfe ne, sabo, da kwaɗonsa a kulle. An ɗaure shi tamau, tsaye da kwance, da ja da kore da ruwan ƙasa da shuɗi. Wani ɗan dako ya riga ya sa hannu a ƙullin yana jan akwatin a ƙasa zuwa taragon kaya.

"Kai! Kai, tsaya!"

Malam bai san sanda ya fito daga bayan buhuna ba. Ɗan dakon ya tsaya. Malam ya ƙarasa wurin yayarsa, ya sunkuya, ya rage murya.

"Yaya, mene ne wannan?"

"A'a, Isyaku? Me ya kawo ka tasha?"

"Fagge za ni. Yaya, abin nan..."

"Abin ɗaure akwati. Ku kuka ce. Na ɗaure."

"Kin san ba haka ake nufi ba."

"Ni abin da aka faɗa mini na sani." Ta ci gaba da fifita. "Tun ranar da aka yaye yaron nan nake ɗaukar saƙonku. Kai masa riga, kada ki ce ni ne. Duba mini ko zazzaɓin ya sauka, kada ki ce na tambaya. Daga Mandawari zuwa Gwammaja, daga Gwammaja zuwa Mandawari, har ƙafata ta kumbura. Yau teku zai haye, Isyaku. Ni ban san ko zai dawo ya same ni ba. In na mutu wa zai riƙa kai muku? Ga shi can, ga ka. Bakinka ba ciwo yake ba."

Malam ya juya neman Ashafa. Ashafa ya ba shi baya, ya dage yana cinikin rake kamar rayuwarsa a kai take.

Aka busa usur na farko. Ɗan dakon ya ce, "Malam, a sa ko a bari?"

Tsakaninsa da inda Salihu yake tsaye ba nisa, amma Malam ya ji tafiyar ta fi ta Fagge tsawo. Malaman suka gan shi, suka rusuna suka ja baya. Salihu ya juyo, ya yi saurin durƙusawa.

"Baba."

Malam ya buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwaro, ya tsaya, ya koma inda ya saba zama.

"Kai," ya ce. "Tashi. Kwance wancan."

Salihu ya dubi akwatin. "Gwaggo ta ce..."

"Na san abin da ta ce. Akwati yana da kwaɗo. Wannan ba igiya ba ce." Ya dubi bakin jirgin, inda hayaƙi ke tashi. "Na wuya ne. An ce can da sanyi. Daga cikin gida aka yi shi. Tun farkon damina ake yi."

Salihu ya tsuguna ya kwance ƙullin da kansa. Ya karkaɗe ƙasar da ta kama shi. Ya fara jawo shi ta cikin hannunsa a hankali, ja ya wuce, kore ya wuce, ruwan ƙasa, shuɗi, yana tara shi a kafaɗa, har ya iso inda ya tsuke ya yi tauri. Ya tsaya. Babban yatsansa ya sami ɗan ƙullin ƙarshe. Ɗaya hannun ya tafi wuyan rigarsa, ya taɓa irinsa a can.

Bai ɗaga ido ba. "Nan kamar hannu ya canza."

"Ulun ne ya canza," in ji Malam.

"Na'am."

Sai Salihu ya ɗora bakin mai taurin a wuyansa, a kan fata, ya fara naɗawa. Zagaye ɗaya, biyu, abin bai nuna alamar ƙarewa ba. Ya ci gaba. Ya rufe haɓa, ya rufe kunne, hularsa ta karkace. Zufa ta keto masa daga goshi. Malaman Midil suka yi iya ƙoƙarinsu, ɗaya ya kasa, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Wata mai gyaɗa ta ajiye farantinta don ta kalla da kyau.

"Ranka ya daɗe!" in ji Ashafa, ya taho da rake a hannu ya ɗaga masa jinjina. "Wace sarautar aka ba ka?"

"Cire mana sai ka isa can," in ji 'Yardada, tana share ido. "Za ka suma."

Wata murya ta fito daga cikin ulun. "Ba komai, Gwaggo. Ba ni jin zafi."

Aka busa usur na biyu. Ya hau. Jirgi ya yi tsaki, ya ja jiki. Malam bai ɗaga hannu ba, ba a yin haka. Ya dai tsaya yana kallon wata taga da wani tulin ja da kore ya leƙo ta cikinta, har taragon ya sha kwana.

"Fagge fa?" in ji Ashafa.

"Mutumin ba ya nan yau."

Ana kiran magariba ya shiga gida. Turai tana tsakar gida tana juya miya da hagu, hannun dama a sama da sabon lemun tsami. Ba ta juyo ba.

"Sannu da zuwa. Ya Fagge?"

"Lafiya lau."

Ya ɗauki buta. Ta juya miya. Ya zuba ruwa a hannu.

"An ce jirgi yakan yi latti," in ji ta.

"Na yau bai yi ba. Na ji tashinsa ina wucewa."

"To." Ludayin ya zaga tukunya. "Akwatunan mutane dai sun ɗauru?"

"Akwati ban ga an ɗaure ba." Ya wanke fuska, ya daɗe yana wankewa. "Na dai ga wani a taga. Cikin zafin nan ya naɗe wuya har kunne da ulu, zufa na zuba, mutane na ta dariya. An ce ya cire, ya ƙi. 'Ya'yan zamani."

Ludayin ya tsaya.

"Ya ishe shi?"

"Har da saura."

Ta ɗauki murfi ta rufe tukunyar, ta buɗe, ta sake rufewa. Ta goge ido da gefen zane. Wannan karon akwai hayaƙi, saboda haka babu wanda ya nemi bayani.

Da ya dawo daga masallaci ya tarar da tuwonsa a kan tabarma. A gefen akushin an ajiye ragowar curin ulu shuɗi, an soke kwarashin a jikinsa.

"Malama Lauratu ta ce sanyin can har ta ƙafa yake shiga," in ji Turai daga bakin ƙofa. "Akwai wanda ake saƙa wa ƙafa. In yatsan ya warke. Ko kafin ya warke." Ta gyara lemun tsamin a yatsa. "Malam, shi kuma kamu nawa ake yin sa?"

Malam Isyaku ya gyara zama. Ya shafa gemu. Amsa ta zo masa nan take, cikakkiya, kamar kullum, har ya buɗe baki.

Ya dubi lemun tsamin da ke yatsanta. Ya jawo akushi.

"Bari gobe in tambayi Ashafa."